Daga Guga zuwa Famfo: Tarihin Ƙarfin Ruwa a Tasawa da Mayahi



A garuruwa da yawa na ƙasar Tasawa da ta Mayahi, yanzu akwai shato tsaye a bakin gari. Wasu magidanta sun ja tiyo har cikin gida. Uwargida tana son kan famfo kusa da madafa, don ta huta da ɗaukar tulu. Sai maigida ya je kasuwa ya sayo kan famfo mai ƙyalli, mai tsada. A ɗaura shi, a buɗe, ruwa ya riƙa zuwa siriri kamar zare. Daga nan sai rigima. Wani ya ce mai kanti ya cuce shi. Wani ya ce mai gyaran famfo bai iya aiki ba. Sau da yawa kuwa duka biyun ba su da laifi. Ƙarfin ruwan gidan ne bai dace da irin kan famfon da aka sayo ba.

To, daga ina ƙarfin ruwa yake zuwa? Don mu gane, sai mu koma baya mu ga yadda kakanninmu suka sha ruwa.

Rijiya ce uwar gari

Ƙasar Tasawa da ta Mayahi ba su da kogi mai gudu shekara duka. Abin da muke da shi shi ne Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasashen biyu. Tsohon gulbi ne, ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa. A cikin gulbin, inda goruba take da yawa, ruwa yana kusa. Amma in ka hau jigawa ka nufi arewa, sai ruwa ya yi nisa. Akwai rijiyoyi masu gaba 20, masu gaba 30, har da waɗanda suka fi haka.

Saboda haka, a zamanin da, wanda zai kafa gari rijiya yake fara ginawa. In an tarar da ruwa, gari ya zaunu. In ba a tarar ba, sai a yi gaba. Ana kafa itacen ƙirya a cikin rijiya don kada ta rufta, domin ƙirya tana jure ruwa da gara. Iyalin wanda ya gina rijiya su ne suka saba riƙe gari.

A watan Janairu na 1851, wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Tasawa tare da ayarin da ya fito daga Abzin. Ya tarar da babban gari mai kasuwa. Ayarin raƙuma ba ya bin hanyar da ba ta da rijiya. Rijiyoyi suna cikin abin da ya sa Tasawa ta zama zango tsakanin Agadas da Katsina da Kano.

Ko Turawan mulkin mallaka, rijiya ta ba su wuya. A 1899 sojojin Faransa, ƙarƙashin Voulet da Chanoine, sun ratso ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa suna kashe mutane. Ayarinsu yana da yawa ƙwarai, ƙishirwa ta dame su a hanya. A watan Yuli na shekarar nan suka iso ƙasar Tasawa, kuma a wajen Maijirgi sojojinsu suka kashe su. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a 1898 ta bar Faransawa da hanyar da ba ta da isasshen ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Sai da suka sake zama a 1904 da 1906, aka gyara iyaka don su sami hanya mai rijiyoyi. Kun ga, har iyakar Nijar da Najeriya akwai hannun rijiya a cikinta.

A duk wannan zamani, wa yake ɗaga ruwa? Mutum ne. Mata da ƴanmata suna jan guga tun asuba har tafin hannu ya yi kanta. Makiyaya suna ɗaura wasaki, sa ko raƙumi ko jaki ya ja igiya. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maganar gaskiya ce. Ruwa ba ya hawa da kansa, sai an ɗaga shi. Ku riƙe wannan magana, don ita ce tushen labarinmu.

Zamanin siminti da famfon ƙafa

Nijar ta sami ƴancin kai a 1960. A 1963 gwamnati ta kafa ma'aikatar OFEDES, mai kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ita ce ta gina rijiyoyin siminti masu faɗin baki, metir 1 da santimetir 80. Mutum da yawa suna iya jan ruwa a lokaci ɗaya, kuma rijiyar ba ta rufta wa mai yasa. An ci gaba. Amma har lokacin da guga ake ja.

Sai fari ya zo a 1973 da 1974, ya sake dawowa a 1984, shekarar da ake kira El Buhari. Dabbobi suka mutu, rijiyoyi da yawa suka ja baya, mata suna kwana a bakin rijiya suna jiran ruwa ya taru. A tsakanin nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekara 10, daga 1981 zuwa 1990, don aikin ruwan sha. Aka shigo da injinan haƙa, aka yi ta huda foraj a ƙauyuka. Foraj rami ne siriri mai zurfi, guga ba ya shiga. Sai aka ɗora masa famfo: na ƙafa, wanda ake kira Vergnet, ko na hannu irin India. Gwamnati ta sa ma'auni, ana so kowane mutum 250 su sami wurin ɗiban ruwa ɗaya na zamani.

Ruwan foraj ya fi na rijiya tsabta, domin igiya ba ta jan ƙasa ta koma ciki. Amma dubi wanda yake ɗaga ruwan. Mutum ne dai. Dā da hannu, yanzu da ƙafa. In ka daina takawa, ruwa ya tsaya.

Akwai wani abin sani a nan. A 1643 wani masani ɗan Italiya, Torricelli, ya bayyana dalilin da ya sa famfo mai tsotso daga sama ba ya iya jawo ruwan da ya wuce zurfin metir 10. Nauyin iska ne yake tura ruwan cikin tiyo, kuma iyakar ƙarfinsa ke nan. Shi ya sa a ƙasarmu, inda ruwa yake da nisa, ake zura famfon can ƙasa cikin ruwa, ya turo shi sama.

Zuwan shato

A birane an riga ƙauye samun ruwan tiyo. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ne ya riƙe wuta da ruwan birane tare. A 1987 aka raba, aka kafa kamfanin ruwa na ƙasa, SNE. A 2001 aka sake tsari: SPEN ta riƙe kayan aiki, wato foraj da shato da manyan tiyo, SEEN kuma tana raba ruwa tana karɓar kuɗi. Daga farkon 2024 kamfanin ƙasa mai suna NDE ya karɓi aikin SEEN. Manyan garuruwa irin Tasawa suna cikin wannan tsari.

Manyan ƙauyuka kuwa, musamman masu mutum 2000 zuwa sama, an yi masu ƙaramin tsari: foraj ɗaya, inji, shato, da famfunan unguwa. Da fari injin gazuwal ne yake ɗaga ruwan. Daga baya farantan hasken rana suka yawaita. A 2010 aka yi dokar ruwa ta ƙasa, kuma kula da ruwan karkara yana hannun komin, ita take ba wani ɗan kasuwa riƙo bisa yarjejeniya. Wani wuri shato ɗaya yana shayar da ƙauyuka da dama. Ƙidayar 2012 ta nuna Tasawa da Mayahi kowace tana da mutum fiye da 500.000. Jama'a sun ƙaru, masu jan tiyo cikin gida ma sun ƙaru.

A nan ne aka yi babban sauyi. Inji ya karɓi aikin hannu da ƙafa. Yana ɗaga ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ya wuce da shi sama, ya zuba cikin shato. Ruwan yana can yana jira. In ka buɗe kan famfo, nauyinsa ne yake gangaro da shi cikin tiyo har gidanka. Ƙarfin da kake gani a bakin famfo, hawan da inji ya yi wa ruwan ne yake dawo maka.

Tsawo ne ƙarfi

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Sami tsohon gwangwani dogo. Huda shi wuri 3: sama, tsakiya da ƙasa. Cika shi da ruwa. Hudar sama za ta riƙa zuba a hankali. Hudar ƙasa za ta fi fesowa da ƙarfi, domin ruwan da yake bisa kanta ya fi yawa.

Tun 1586 wani masani mai suna Simon Stevin, haifaffen ƙasar da ake kira Beljiyam yau, ya rubuta cewa ƙarfin ruwa yana bin tsawo, faɗin mazubi ba ya ƙara masa kome. Tano mai litir 200 da ke ajiye a ƙasa ba shi da ƙarfin tura ruwa. Bokiti ɗaya da aka ɗora bisa soro ya fi shi.

Masu aikin ruwa suna auna wannan ƙarfi da ma'aunin da suke kira bar. Lissafin ba wuya: tsawon metir 10 shi ne bar 1. Metir 5 rabin bar ne. Ana aunawa daga saman ruwan da ke cikin shato zuwa bakin famfonka.

Mu yi misali. A ce saman ruwan shato yana metir 12 daga ƙasa. Gidan Malam yana daidai da gindin shato, famfonsa yana metir 1 daga ƙasa. Ya rage metir 11, wato bar 1 da ɗan ƙari. Gidan ƙanensa yana bisa tudu wanda ya fi gindin shato da metir 5. In ka cire 5 da 1 daga 12, saura metir 6. Ƙarfinsa ya ɗara rabin bar kaɗan. Gari ɗaya, shato ɗaya, kuɗin litir ɗaya, amma ƙarfi ya bambanta. Mai gida a gangaren gulbi ya fi mai gida a jigawa samun ƙarfi.

Akwai abu 4 da suke ƙara rage shi.

Na 1, nisa. Ruwa yana gogar cikin tiyo yana tafiya, ƙarfinsa yana raguwa. Gidan ƙarshen layi shi ne ya fi jin jiki.

Na 2, ƙanƙantar tiyo. Siririn tiyo mai tsawo yana shaƙe ruwa. Kowace kwana da aka yi da tiyo ita ma tana cin nata.

Na 3, yawan masu ɗiba. Da safe da marece, in kowa ya buɗe, ana raba ruwan ne.

Na 4, cikar shato. Inda ake aiki da hasken rana, inji ba ya aiki da dare. Da asuba shato ya yi ƙasa. Sai rana ta take yake cika. Ranar hadari ko ƙura mai yawa ma ba ya cika sosai.

Tarihin kan famfo

Kan famfo, wanda muke kira robine, tsohon abu ne. Rumawa sun yi na tagulla tun shekara 2000 da suka wuce. Irin wanda muka fi sani, mai murɗawa sau da yawa da ƴar roba a ciki, an fito da shi a Ingila a 1845. Daga baya aka yi mai hannu ɗaya wanda yake haɗa ruwan zafi da na sanyi, aka fara sayar da shi a Amurka a 1947. Aka kuma yi wanda ake juyawa sau ɗaya ya buɗe.

Abin lura shi ne, yawancin na zamani masu ƙyalli an ƙera su ne don biranen da ruwa yake da ƙarfin bar 2 ko 3. Hanyar ruwa a cikinsu ƙarama ce. Wasu suna da siraran tiyo biyu a gindi, da ƴar raga a baki. Inda ƙarfi yake da yawa suna aiki lafiya. Inda ƙarfi bai kai bar 1 ba, sai su zama kamar maƙogwaron da aka shaƙe. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Kan famfo ƙofa ne kawai. Yana buɗewa, yana rufewa. Ba ya ƙara wa ruwa ƙarfi ko kaɗan, sai dai ya rage. Duk mai kantin da ya ce maka wannan yana ƙara ƙarfin ruwa, ka riƙe kuɗinka.

Auna kafin ka saya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka je kasuwa, yi wannan awo. Sami bokiti mai litir 10 da agogo ko salula. Buɗe famfon da ya fi kusa da inda za a sa sabon, ko na maƙwabcinka, buɗewa duka. Duba minti nawa bokitin yake ɗauka ya cika. Yi haka sau 3: da asuba, da rana, da marece. Awon da ya fi rauni shi za ka riƙe, domin uwargida da safe da marece take girki.

In bokiti ya cika cikin minti 1 ko ƙasa da haka, ruwanka yana da ƙarfi. Kana iya sayen irin da ranka yake so.

In ya ɗauki wajen minti 2, ƙarfin matsakaici ne. Nemi kan famfo mai sauƙi, mai hanyar ruwa ɗaya.

In ya wuce minti 2, ruwanka ba shi da ƙarfi. Sayi na tagulla mai faɗin ciki, ko mai ɗan hannu da ake juyawa sau ɗaya wanda in ka buɗe ka leƙa kana hango rami sarai. Guji mai haɗa zafi da sanyi, guji mai feshi, guji mai dogon wuya da ya miƙe sama.

A kanti, buɗe shi ka hura iska da baki. In iska tana wucewa da sauƙi, ruwa ma zai wuce. Duba kwalinsa. Masu kyau suna rubuta ƙarfin da suke bukata, kamar 0,2 bar ko 0,5 bar ko 1 bar. Ga amfanin karatu ke nan: kai da kanka za ka karanta lambar. Duba kuma girman bakinsa ya yi daidai da tiyonka. Wanda aka fi sa wa a gida shi ne mai lamba 15/21, na sama da shi 20/27. Tambayi mai kanti ko ana samun robarsa a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi. Kan famfon da sai an je Maraɗi ko Kano neman kayan gyaransa wahala ce. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce dacewa ba.

Wajen ɗaurawa, kada a kai shi sama fiye da bukata. Ya isa tukunya ko bido su shiga ƙarƙashinsa. Kowane kamu da aka ƙara sama, an rage ƙarfi. In tiyo zai yi tafiya mai nisa daga kontar zuwa madafa, a sa mai ɗan faɗi, a rage kwana-kwana.

Ruwan foraj yakan zo da ɗan yashi. In famfo mai raga a baki ya rage zuba, kwance ragar ka wanke kafin ka kira mai gyara.

Masu ɗora tanki a gida su ma su yi lissafi. Tankin da saman ruwansa yake metir 3 daga ƙasa, famfo kuma yana metir 1, saura metir 2 ke nan, wato 0,2 bar. Sayen tanki mai faɗi zai ƙara maka ajiya. Ƙarfi kuwa sai an ƙara tsawon ƙafafunsa.

Ruwan gari na kowa ne

A zamanin rijiya akwai ladabi. Ana bin layi, ana barin baƙo ya sha, ba a zura ƙazamin guga. Tiyo ma yana da nasa ladabin.

Kada ka haɗa injin tsotso kai tsaye da tiyon gari. Kana janye rabon maƙwabtanka ne, musamman na tudu da na ƙarshen layi. Kuma in tiyo ya zama wayam, duk inda yake da huda yana iya tsotso ruwan ƙazanta daga ƙasa. Daga nan zawo yake shiga gida, yara ne kuma suke fara kwantawa.

Kada ka bar famfo yana ɗiga. Ajiye kwano ƙarƙashinsa dare ɗaya, da safe ka ga abin da ya taru. Kontar tana ƙirga shi duka. Litir 1000, wanda ake rubutawa 1 m³ a takardar biya, bido 40 ne masu litir 25, ko tano 5. Ƴar robar da za ta tsai da ɗigar ba ta kai kuɗin ruwan da ake asara ba.

In ƙarfin ruwa ya ragu a unguwa duka, canjin kan famfo ba zai yi magani ba. Wataƙila tiyo ya fashe, ko farantan rana sun yi ƙura, ko gidajen da aka ja wa ruwa sun fi ƙarfin shato. Ku taru ku gaya wa mai riƙon ruwan garinku, da ƙungiyar masu shan ruwa, da ma'aikatar magajin gari. Ku je da awonku a rubuce: rana kaza, ƙarfe kaza, bokiti ya cika cikin minti kaza. Magana mai lamba ta fi shiga kunne. Ku kuma riƙa biyan kuɗin ruwa a kan lokaci, domin da shi ake gyaran injin da yake ɗaga mana ruwa.

Abu na ƙarshe, ya ku magidanta. Kafin a sayi kan famfo, a tambayi matan gida. Su suka ja guga, su suka taka famfon ƙafa, su suka san lokacin da ruwa yake zuwa da lokacin da yake ɗaukewa. Kakanninmu sukan zura igiya su auna zurfin rijiya kafin su yanke tsawon igiyar guga. Mu ma mu auna ruwanmu da bokiti kafin mu fitar da kuɗi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Amin.